MU RUBUTA ASALINMU TUN MASU SANI SUNA DA RAI

Wanga jawabi ne da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyarmu, tsohon mushen lakwal, ya yi a taron shekara da anka yi nan Allakaye bayan Sallar Layya. 'Yan biro sun ga ya kamata a buga shi yadda ya faɗe shi, domin 'yan'uwa da ke bida waje, waɗanda ba su samu zuwa ba, su ma su karanta.



Ranka shi daɗe hakimi, Allah gafarta malamai, iyayenmu maza da mata, shugaban ƙungiya da 'yan biro, samari da 'yammata, da baƙinmu da sunka taso daga Buza da Keita da Madawa, ina gaishe ku da sunan Allah. Barkanmu da Salla, barkanmu da ganin juna.

An ba ni magana yau saboda an san shekara da shekaru ina yawo da kaye da alƙalami gida gida, ina damun tsofaffi da tambaya. Wasu ma suna ce mani mai bin matattu. To, ban ji haushi ba. Yau zan gaya maku abin da nike bi, da dalilin da ya sa nike so ku kama mani.

Bari in fara da tambaya. Kowa shi ƙirga a zuci: sunanka, sunan ubanka, sunan kakanka, sunan uban kakanka. Na san da yawa sun tsaya nan. Yanzu ku koma wajen uwa: sunanta, sunan uwarta, sunan kakarta. Na ga ana murmushi, watau nan ma an tsaya, kuma an tsaya da wuri. Alhali kowane ɗayanmu shina da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, na bayansu 16, na bayan waɗancan 32. In an haɗa hawa biyar, mutum 62 ke nan. Duka jininsu shina jikinka, amma da ƙyar ka iya kiran sunan goma.

1. DALILIN DA YA SA ABIN YA ZAMA NA GAGGAWA

Dalili na farko, masu sani suna ƙarewa. Kowace shekara muna kai tsofaffi makwanci, kuma kowane ya tafi da abin da ke kanshi. Dā ana hira da dare, jika shina kwance kusa da kaka shina saurare. Yanzu jika shina riƙe da salula, kaka tana gyangyaɗi ita kaɗai.

Dalili na biyu, mu Adarawa mutanen bida ne. Ana gama girbi gari shi watse. Muna da ɗiya da jikoki da anka haifa a Abijan da Legas da Kano da Kamaru da Libiya, wasunsu ba su taɓa ganin dutsin Adar da idonsu ba. Kuma mun ga yadda zaman waje ke juyawa rana ɗaya. A 1969 Gana ta kori baƙi. A 1983 Najeriya ta kori baƙi. A 2002 rikici ya tashi a Kodibuwa, a 2011 yaƙi ya tashi a Libiya. Duk lokacin da haka ta faru, mutanenmu sun komo da ƙullin kaya kaɗai. Wanda ya san ƙofar gidansu ya samu wurin sauka. Yaron da ubanshi ya rasu can bai gaya mashi kome ba, ina zai dosa?

Dalili na uku, yadda muke kiran suna. Mu ba mu da sunan gida guda wanda ke bin zuri'a kamar na Turawa. Sunanka da na ubanka ke cikin takarda. Ɗanka zai ɗauki naka shi saki na kakanshi. Saboda haka hawa biyu kaɗai takarda ke riƙewa, sauran sai abin da baki ya riƙe.

2. TARIHIN ƘASA SHI NE GINSHIƘI

Wanda zai bi sawun kakanninshi, tilas shi san manyan abubuwan da sunka faru a ƙasar, domin su ne ke tada mutane daga wuri su kai su wani.

Masana sun nuna tun kafin sarautu su kafu akwai Azna a cikin duwatsun nan, waɗanda ake ce ma Aznan ramu da Aznan mahalba. Adar ta zauna ƙarƙashin ikon Kabi, har shekarar 1674 da Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci ta da yaƙi. Zuri'arshi ce ta riƙe sarautar Sarkin Adar, wadda ta zauna Illela daga baya. Lisawan, waɗanda sarautar Keita ke hannunsu, tare da shi sunka zo. A 1804 jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi, bayanshi anka yi yaƙe-yaƙen Muhammadu Jelani a Adar, sa'an nan ƙasa ta shiga tsakanin Kel Geres da Kel Dinnik. Zamanin nan babu kwanciyar rai. Garuruwa da yawa sun tashi, wasu sun hau bisa dutsi don tsira, wasu an kwashe mutanensu. Shi ya sa in kun lura, kusan kowane gari nan shina da kufai, kuma tsofaffi sun san na wane ne.

A 1899 rundunar Vule da Shanuwan ta ƙone Birnin Ƙonni. A 1901 Faransawa sunka gwabza da Kel Geres a Galma, kusa da Madawa, daga nan mulkinsu ya kama ƙasa. Anka shigo da lanho da aikin dole da ɗibar soja. Gudun waɗanga abubuwa ya sa gidaje da yawa sunka ƙetara zuwa ƙasar Ingilishi, watau Najeriya. Sai a 1946 anka soke aikin dole.

An yi littattafai a kan wanga tarihi. A 1975 Farfesa Djibo Hamani ya fitar da littafinshi kan Adar kafin zuwan Turawa. A wannan shekara kuma wata Bafaransa, Nicole Echard, wadda ta zauna ƙauyukan Adar tana sauraren tsofaffi, ta fitar da nata kan tarihin talakawa manoma. A 2015 Benedetta Rossi ta fitar da wani da Ingilishi, wanda ya bi labarin bauta da aiki a yankin Keita daga 1800 zuwa 2000. A ciki za ku gamu da sunayen da muka saba ji, irin su Gazurawa da Magorawa da Tarimawa da Jibalawa. Amma ku sani, littafi ba zai gaya maka sunan kakar uwarka ba. Wannan aikinka ne, babu farfesan da zai yi maka shi.

3. WA ZA A TAMBAYA, KUMA TA YAYA

Na farko, tsofaffin mata. Na faɗa na ƙara, tsofaffin mata. Maza sun san layin uba da iyakar gona. Mata su ne sunka san wa ya auri wa, daga wane gari anka kawo amarya, wa ya sha nonon wa, wane ne ɗan riƙo wane ne ɗan ciki. Shekara biyar na ɓata ina zama da maza kaɗai a bakin masallaci, ashe rabin labarin shina cikin gida.

Na biyu, masu sana'ar gado. Wanzami ya san askar kowane gida, domin ubanshi ne ya yi ma iyayenmu. Yanzu an bar tsaga fuska, saboda haka a zana kamannin askar gidanku cikin kaye tun akwai fuskokin da ke ɗauke da ita. Maroƙa da makaɗa suna riƙe da kirarin gidaje, cikin kirari kuwa akwai sunayen kakanni da na garuruwa. Amma a tuna maroƙi don shi samu shike yi, shina iya haɗa ka da sarkin da bai san da kai ba. A rubuta abin da ya faɗa, sa'an nan a bincika. Maƙera ma sun san tsofaffin mazauna gari. Liman da malamai su ne sunka ɗaura aure, sunka raɗa suna, sunka raba gado.

Yadda ake tambaya kuwa, kada ka tafi kamar ɗan sanda. Ka tafi da goro, ka zauna ƙasa, ka yi gaisuwa ta isa. Kada ka ce ma tsoho, ba ni tarihin gidanmu. Zai ce bai sani ba. Ka ce, Baba, wace rijiya kunka sha kuna yara? Inna, wa ya rako ki ranar da anka kawo ki? Gonar fadama wa ya fara sare ta? Ƙaramar tambaya ita ke jawo babban labari. In tsoho ya kauce hanya, ƙyale shi, sau da yawa can ne abin da kake nema shike. In ya yarda, ka ɗauki muryarshi a salula, amma ka kwafe cikin kaye a ranar, domin salula tana faɗawa ruwa, ana sace ta, tana mutuwa.

Sai maganar alkunya. Mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, yaron da anka mayar ma sunan kaka sai a riƙa ce mashi Baba ko Maisuna. Ta haka sunan yanka ke ɓacewa, laƙabi shi zauna. Kada ka tilasta ma tsohuwa ta faɗi sunan da take jin nauyi. Ka kawo wata ta faɗa, ita kuwa ta gyaɗa kai. A rubuta duka biyu, sunan yanka da laƙabi, domin laƙabi ma shaida ne. Anaruwa da Nomau da damana anka haife su. Azumi da Sallau sun gaya maka wata. Tanko ya bi mata, Gambo ya bi tagwaye, Abarshi ya zo bayan an yi ta rasa ɗiya, Audi kuwa bai tarar da ubanshi da rai ba. Kun ga suna ɗaya ya ba ka labarin gida.

4. YADDA AKE GANE SHEKARU

Tsofaffinmu ba su ƙirga shekara da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa. Saboda haka kowa shi rubuta wanga jeri a shafin farko na kayenshi:

1901, yaƙin Galma.
1913 zuwa 1914, yunwar Kakalaba.
1916 zuwa 1917, yaƙin Kawusan.
1931, fara da yunwa.
1946, soke aikin dole.
1953 zuwa 1954, yunwar da a wurare da yawa na ƙasar Hausa ake ce ma Muda.
1958, zaɓen i ko a'a, ran 28 ga Satumba.
1960, mulkin kai, ran 3 ga Agusta.
1973 zuwa 1974, babban fari. Ran 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kunce ya karɓi mulki daga Diori Hamani.
1975, fara dashen itatuwan kare iska a Majiya.
1984 zuwa 1985, yunwar da anka laƙaba ma sunan Buhari, saboda rufe iyakar Najeriya. A 1984 kuma anka fara forojen Keita.
1987, rasuwar Kunce.
1994, karya darajar sefa.
2005, ƙarancin abinci.
2006, husufin rana, ran 29 ga Maris.

Sunan yunwa shina bambanta daga gari zuwa gari, to a rubuta sunan da tsohon garinku ya kira ta, a tambaye shi wace ta riga wace.

Ga yadda ake aiki da jerin. In tsohuwa ta ce, lokacin Muda ina da goyon fari, ka san an haifi ɗan wajen 1952 ko 1953, ita kuwa wajen 1935. In anka ce kakanka ya fara azumi shekarar Kawusan, ka cire shekara 14 ko 15, ka samu wajen 1902. Tsakanin uba da ɗa a kan samu kamar shekara 30, wani lokaci fiye, tunda namiji shina haihuwa har tsufa. Wannan awo shina kama kuskure. In an ce maka kakan kakanka ya zo tare da Agabba, ka yi lissafi. Daga 1674 zuwa yau shekara 350 ce da 'yan kai, watau hawa goma sha ɗaya ko sha biyu. Kai kuwa hawa biyar ka ƙirga. Ba lalle ƙarya anka yi maka ba, amma an tsallake sunaye a tsakiya, kuma haka ake yi ko'ina: baki shina riƙe na farko da na kusa, shi zubar da na tsaka.

Wanda ya samu rubutun malamai da shekarar Hijira, shi tuna shekarar wata ta gaza ta rana da kamar kwana 11. Shekarar 1300 ta kama a Nuwamba 1882, shekarar 1400 ta kama a Nuwamba 1979. In ka ga 1332, to lokacin Kakalaba ke nan.

5. TAKARDU

A duba cikin adaka da gafaka da tsofaffin tukwanen ajiya. Takardar lanho ta gida, kartin shaida, takardar soja, takardar tafiya hajji, wasiƙun ajami da 'yan bida ke aikowa, hotuna, da abin da malamai kan rubuta a gefen littafi na haihuwa ko rasuwa. Kada a jefar da ko ɗaya, ko gara ta ci rabi. A ɗauki hotonta, a mayar ma mai ita.

A Yamai akwai gidan ajiyar takardun ƙasa, inda rahotannin kwamandojin Faransa suke, da abin da sunka rubuta kan garuruwa da hakimai lokacin da suke zagayen ƙirgar masu biyan lanho. Akwai cibiyar bincike ta IRSH mai ajiyar littattafan Larabci da ajami, wadda marigayi Bubu Hama ya aza harsashin tarinta. Akwai kuma CELHTO, wadda anka kafa a 1968 don tattara tarihin baka. Ɗalibanmu da ke jami'a, wanga aikinku ne in kun samu hutu.

Amma kada ku ɗauka duk abin da ke cikin takarda gaskiya ne. Ku dubi kartin iyayenku, za ku ga kalmar Faransanci "vers" gaban shekarar haihuwa, ma'anarta wajen shekara kaza, watau an dubi fuska ne anka yi ƙiyasi. Wasu kuma an sa masu 1 ga Janairu, sai ka ce duk garin rana ɗaya anka haife su. Zamanin lanho an ɓoye ɗiya, an rage ma samari shekaru don gudun soja. Ni da nike tsaye gabanku, sunan da ke cikin takarduna matsayin uba, na baffana ne. Shi ne ya kai ni lakwal, mai rubutu ya tambaye shi sunanshi, ya rubuta, shi ke nan. Da shi na yi jarrabawa, da shi na yi aiki, da shi nike karɓar fansho. Jikan da zai zo bayan shekara 50 shi dogara ga takardar nan kaɗai, zai ɓata hanya tun daga hawa na biyu. Saboda haka takarda tana gyara baki, baki shina gyara takarda.

6. ABIN DA NA TARAR A GIDANMU

Ba zan ce ku buɗe naku in rufe nawa ba.

Tun muna yara ana gaya mana kakana shina da ƙane wanda ya tafi Makka da ƙafa ya rasu a hanya. Abin bai zama baƙo ba, mutanenmu da yawa sun bi ta Cadi sun tsaya Sudan, har yau zuri'arsu tana can. Haka na rubuta. Uwarsu kuwa, watau kakar babana, duk wanda na tambaya sai shi ce Baƙuwa ake ce mata, shi kawar da kai. Babu sunan yanka, babu sunan uba, babu gari.

Shekarar da anka karya sefa, na je gaida gwaggona, yayar babana, na tarar tana kaɗi. Na zauna ina tsince mata auduga, ban ma fito da kaye ba. Sai ta ce, kai mai rubuce-rubuce, ƙarya ka rubuta. Ta ce ƙanen kakanka bai tafi Makka ba. Shekarar Kakalaba ce shi da wanshi sunka yi faɗa kan damin iri na ƙarshe da ya rage a rumbu, ɗaya ya ce a ci, ɗaya ya ce a bari don shuka. Ƙanen ya yi fushi ya yi kudu. Sau ɗaya ya aiko ma uwarsu zane da goro ta hannun fatake, daga wani gari na ƙasar Sakkwato, kuma uwar gwaggona ta riƙe sunan garin ta gaya mata. Maza sun ji kunyar a ce yunwa ta raba 'yan'uwa, sai sunka mayar da shi alhaji.

Sa'an nan ta rage murya ta ce, ita kuwa Baƙuwa, kamo ta anka yi. Tana yarinya mahara sunka ɗauke ta, kafin zuwan Turawa, ta bi hannu hannu har ta iso gidanmu. Daga baya anka 'yanta ta anka aure ta. Ta ce, yanzu ka ji, in ka ga dama ka rubuta, in ka ga dama ka binne.

Jama'a, wata uku ban taɓa kayen nan ba. Ni da nike taƙama da gidanmu, abin ya yi mani nauyi. Daga baya na tambayi kaina: yarinyar da anka raba da uwarta da ƙarfi, laifin me ta yi? Ita ce ta haifi kakana, ta daka, ta ɗebo ruwa, ta rayar da ɗiya cikin Kakalaba. In akwai abin kunya, wajen wanda ya kama ta shike. Sai na rubuta.

Da rani ya yi, na bi wani yaronmu da ke bida can. Adarawa suna da yawa a ƙasar Sakkwato, sai da munka yi kwana huɗu muna tambaya. Munka tarar da jikokin mutumin. Abin da sunka sani kaɗai shi ne su Adarawa ne, ba su san gari ba. Amma da babbansu ya fito, na ga askar gidanmu a fuskarshi, kamar ina duban babana. Cikin hira sunka ce kakansu ya sa ma 'yarshi ta fari sunan uwarshi, kuma ya yi wasiyya kada sunan shi fita gidan. Har yau suna da mai sunan. Sunan da ya ɓace mana nan shekara da shekaru, can na samo shi. Na komo na gaya ma gwaggona, ta yi kuka, ta ce lalle ta taɓa jin shi sau ɗaya tana ƙarama. Ba ta ƙara damana biyu ba ta rasu. Da na yi jinkiri, da duk wanga labari shina cikin kabari. Yanzu muna zuwa sunansu, suna zuwa namu. Wurin sunan iyayenta kuwa na bar shi fari, kuma duk wanda ya buɗe kayen zai ga dalili.

7. GARGAƊI UKU

Na ɗaya, kada a ƙara gishiri. Kowa shina so a ce kakanshi sarki ne ko sharifi ko daga Gabas ya fito. In haka tsoho ya faɗa, a rubuta, amma a rubuta wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. In mutum biyu sunka saɓa, a rubuta duka biyu. In ba a sani ba, a bar wurin fari. Manomi da maƙeri da majemi da makiyayi ba abin ɓoyewa ba ne.

Na biyu, kada a mayar da wanga aiki makamin gori. Mun san ƙasarmu. Mun san auren da anka fasa saboda wani ya ce a binciki asali. An hana bauta tun 1905 zamanin Turawa, a 2003 dokar Nijar ta sa ta cikin manyan laifuka, a 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatu Mani gaskiya a shari'arta, amma har yau kalmar tana yawo a bakin mutane. Kowa gidanshi zai bincika, ba gidan maƙwabci ba. Abin da tsoho ya ba ka amana, amana ce. Ni na faɗi nawa don nawa ne. Malamai suna nan, su ne shaida, addini bai fifita kowa da haihuwa ba sai da tsoron Allah.

Na uku, kayen asali ba takardar gona ba ce, ba kuma takardar neman sarauta ba ce. Rikicin gona shina da hanyarshi, akwai hakimi da sarki da shaidu, akwai hukumomin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta kawo. Wanda ya shigo wanga aiki da nufin ƙwace fadamar ɗan'uwanshi, zai sa tsofaffi su rufe baki, kowa shi yi asara.

8. ABIN DA NIKE ROƘO

Kowane gida shi sayi kaye guda mai kauri, shi ba yaro ɗaya mai karatu, mace ko namiji, boko ko ajami duk ɗaya ne. Kowane mutum shafi guda: sunan yanka, laƙabi, uba, uwa, garin haihuwa, sana'a, aure, ɗiya, inda ya yi bida, inda anka binne shi, sa'an nan a ƙasa sunan wanda ya ba da labarin. A fara da wanda ya fi kowa tsufa a gidan, cikin wanga mako, kada a ce sai bayan girbi. A yi kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya wajen wani ɗan'uwa, saboda gobara da gara da ruwa.

Ku 'yan bida, kafin ku koma ku zauna da iyayenku ko dare ɗaya ne. In kun isa can, ku gaya ma ɗiyanku sunan garinsu da sunan kakanninsu, ku rubuta mana sunayen waɗanda anka haifa da waɗanda anka binne a waje. Ina roƙon 'yan biro su sa wanga batu cikin taron baɗi, kowane gida shi zo shi faɗi hawa nawa ya kai. Wanda ya rasa yadda zai fara, ƙofata buɗe take bayan la'asar.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Gaskiya ne, amma ƙafa ba ta zuwa inda ba ta sani ba.

Allah shi jiƙan magabatanmu, waɗanda munka san sunansu da waɗanda ba mu sani ba. Allah shi ƙara ma tsofaffinmu lafiya, shi maido matafiyanmu lafiya, shi ba mu damana mai albarka, shi zaunar da ƙasarmu lafiya. In na yi kuskure a gafarce ni, in akwai mai gyara, ga kaye ga alƙalami.